Na Wanke Gidan Kaftin da Sabulu

Jama'a, yau ba na son kowa ya tausaya min. Ku yi dariyarku kawai, ni ma na yi tawa bayan na gama kuka. Masu cika min waya da tambayar ko na ba Malam Shiru amsa, ku yi haƙuri, kafin mu kai ga amsa akwai gawa a labarin nan. Ƙarama ce, ba ta wuce tsawon ɗan yatsana ba, amma ni na kashe ta.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, kuma wannan adadin ya fi hawan jini damun Mama. Ina aiki a shagon wanki da guga. Ni ke karɓar kaya a kanta, ni ke duba tabo in faɗa wa masu wanki abin da zai fitar da shi. Tabon shayi, tabon biro, baƙin mai, jan-baki a wuyan riga wanda ba na tambayar inda aka samo shi. Shekara biyar ina wannan aiki, har na yarda a raina cewa babu matsalar duniya da sabulu da ruwan zafi ba za su warware ba.

Shi kuma Malam Shiru gyaran lifta yake yi, wannan ɗakin ƙarfen da ke hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. Duk Litinin yana kawo riguna huɗu masu ruwan toka, duk iri ɗaya, kowace da baƙin mai a hannu. Wata shida bai ce min komai ba banda “sannu” da “na gode”. Shi ya sa na sa masa sunan a wayata. Mama kuwa Injiniya take kiransa, tana jan kalmar kamar tana tsotsar alewa.

Wata rana ya ajiye wayarsa a kan kanta yana laluben takardar karɓar kaya, sai allon ya haska. Na ga hoton wani kifi mai ruwan zinari, da doguwar jela kamar mayafi a iska. Na daɗe ina neman abin da zan buɗe bakin bawan Allahn nan da shi. Ban yi tunani ba.

“Kai, kyakkyawa! Ai ni ma tun ina ƙarama nake kiwon kifi.”

Ni fa. Ni da duk kifin da na taɓa sani ya riga ya kwanta a faranti.

Ya ɗago ya kalle ni, kallo na gaske, karo na farko. Ranar minti ashirin ya yi yana magana. Mutum uku suna layi a bayansa da buhunan bargo, ni kuwa ina gyaɗa kai ina cewa “sosai ma”, “ai haka ne”, ban fahimci ko rabin abin da yake faɗi ba. Daga nan aka fara saƙo, daga saƙo aka fara zuwa gida gaishe da Mama. Ƙaryar kuma ta bi mu kamar kyanwar da aka taɓa ba madara. Kullum ina cewa gobe zan warware ta.

Bayan wata biyu ya iso gidanmu da akwatin gilashi, tsawon hannuna biyu. Ya ɗora shi a kan teburin da ke kusa da taga a falo, ya zuba tsakuwa, ya dasa ciyayi, ya sa wata ƴar na'ura mai soso a ciki da ke tace ruwa tana busa kumfa. Ya bar shi yana aiki babu kifi har mako uku, Mama tana tambayata ko ruwa muke kiwo. Sannan ya kawo ƙananan kifaye huɗu. Duk mako shi ke zuwa ya canja ruwan, ni ina kicin ina haɗa masa shayi, ina murna ba a tambaye ni komai ba.

Sai tafiya ta taso masa, kwana goma, wai za su haɗa lifta a wani sabon bene a wani gari. Ana gobe zai tafi ya shigo da bokiti a rungume kamar jariri. Kifin cikin hoton ne a ciki.

“Sunansa Kaftin,” in ji shi. “Na Babanmu ne. Da ya kwanta jinya, shi yake kallo daga gado. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa, Kaftin yana nan. Ban taɓa barinsa a hannun kowa ba.”

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Kada ka damu.”

Ya ɗauki kusan awa yana sabar da Kaftin da sabon ruwan kafin ya sake shi. Da zai tafi ya nuna min wata ƴar kwalba. “Ranar Juma'a sai ki ɗebe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ki...”

“Haba, ni za ka koya wa?”

Ya yi murmushi, har da sunkuyar da kai. “Yi haƙuri. Na manta da wa nake magana.”

Kwalbar na ɗauke ta na sa a saman firji, don ta ɓata min tsarin tebur.

Ranar Laraba na dawo daga aiki na tarar Mama ta sauke labulen falo duka, kafet yana waje a kan igiya, ita kuma tana tsaye da tsumma a kafaɗa.

“Yayar Injiniya ta kira ni. Asabar da ƙarfe huɗu za ta zo gaishe ni.”

“Gaisuwa ce kawai ai, Mama.”

“Gaisuwa. Ke dai shekarunki ne suka yi yawa, hankalin yana baya. Mace za ta taso daga wancan ƙarshen gari don ta tambaye ni ya ƙafata? Ke za ta zo gani. Yadda kike tafiya, yadda kike ajiye kofi, ko akwai yanar gizo a silin.” Ta juya ta nuna akwatin gilashin da haɓa. “Wancan kuma fa? Kin ga koren da ya fara kamawa a jiki? Ke da kike wanke kayan mutanen gari, a ce an shigo falonku an ga gansakuka? Kuma kyautar ƙaninta!”

Na je na duba. Gaskiya akwai ɗan kore a kusurwa, tsakuwar ma ta yi duhu. Idona na aiki ya buɗe. Tabo ne, kuma tabo ni ce maganinsa.

Juma'a na nemi izini na dawo da wuri. Na cire doguwar rigata mai ruwan goro, na sa tsohuwar riga ta aikin gida, na ɗaure kai, na sa safar roba har gwiwar hannu. Da kun gan ni da kun ce tiyata zan shiga.

Da farko na bi kifayen da matacin shayi. Kun taɓa bin kifi da matacin shayi? Minti arba'in ina yi. Suna buga kansu a gilashi, suna shiga bayan ciyayi, ni ina musu magana: “Ku tsaya mana, don amfaninku ne.” Kaftin ya fi matacin girma, sai da hannu na cafko shi, ya suɓuce ya faɗa kan tebur yana fal-fal, na kwashe shi na jefa a kwanon da muke kwaɓa fulawa. Sannan na zubar da ruwan akwatin kaf, ko ɗigo ban bari ba. Na juye tsakuwar a baho, na barbaɗa garin sabulu, na cuɗa ta sau uku har ta yi fari. Na goge gilashin da ruwan wanke-wanke mai ƙanshin lemun tsami. Da na buɗe na'urar na ga sosonta ya yi launin ƙasa, har tsaki na yi. Na ce a raina, mutum mai tsafta haka a riga, amma dubi abin da ya bari. Na dafa ruwa na jiƙa soson, na sa sabulu, na matse shi har ya koma kamar yau aka saye shi.

Na jawo tiyo daga famfon bayan gida na cika akwatin da ruwa mai sanyi ƙarara. Na juye kifayen ciki daga sama, tsulum.

Jama'a, ya yi kyau. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi kyau kamar tallan gilashi. Mama ta zo ta tsaya, ta riƙe ƙugu.

“Yanzu na ga ɗiyata.”

Kafin rana ta faɗi, ƙananan nan huɗu sun hau saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa kamar masu neman taimako. Ɗaya yana zabura yana goga jikinsa da dutse. Kaftin kuwa ya sauka can ƙasa a kusurwa, ya manne fukafukansa a jiki, jelar nan mai kama da mayafi ta naɗe. Launinsa ya koɗe kamar rigar da aka manta a rana. Kumatunsa suna bugawa da sauri.

Na ce yunwa ce, sun sha wahala. Na zuba abinci. Ba su ci ba. Na ce wataƙila bai isa ba ne, na ƙara. Na ƙwanƙwasa gilashin da farce don in ƙarfafa wa Kaftin gwiwa, ya zabura ya bugi bango ya koma ya kwanta.

Wayata ta yi ƙara.

Malam Shiru: Sannu da aiki. Ya Kaftin?

Na kalli Kaftin. Kaftin bai kalle ni ba.

Ni: Lafiya lau! Yana ta wasa.

Malam Shiru: Turo min shi in gani. Na yi kewarsa.

Bayan daƙiƙa kaɗan wani saƙon ya shigo.

Malam Shiru: Ba shi kaɗai ba.

Kusan wata goma ina jiran mutumin nan ya faɗi magana irin wannan, sai ya zaɓi ranar da nake kashe masa gadon ubansa. Na shiga hotuna na nemo wanda na ɗauka ranar Talata na tura masa. Ya turo alamar zuciya. Na kife wayar a kan kujera kamar ta ƙona ni.

Da safe ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Abincin jiya ya kumbura a ƙasa. Ɗaya daga cikin ƙananan, mai ɗigon baƙi a jela, yana yawo a sama, ciki a sama. Na taɓa shi da cokali. Na sake taɓa shi. Na naɗe shi a takardar goge hannu, na rasa inda zan kai shi, sai na sa shi a jakata. Har yanzu ban san dalili ba.

Na zura doguwar riga baƙa a kan kayan barci, na yafa gyale, na ɗebi ruwan akwatin a kwalbar da ta ƙare da zuma, na fita. Mama tana kira daga kicin, “Ina za ki, ba ki goge kofuna ba?” Ban waiwaya ba.

Shagon sayar da kifin ado yana bayan layin masu sayar da fenti, na taɓa ganin sunansa a jikin ledar da Malam Shiru ya kawo abincin kifi. Ciki duhu-duhu, akwatuna a jere har sama, ko'ina ƙarar kumfa. Mai shagon wata dattijuwa ce gajera, da tabarau a kan hanci da hannayen riga a naɗe.

“Anti, ina kwana. Kifina ne ba su da lafiya. Ina ga mura ce.”

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta karɓi kwalbar, ta buɗe, ta sansana.

“Lemun tsami.”

“Na ɗan goge gilashin ne.”

“Da me?”

Na faɗa mata. Ta ce sai me. Na faɗa mata. Duk abin da na ambata sai ta ce “sai me”, har muka iso kan soso da ruwan zafi. Nan ta jawo kujera ta zauna.

“Ƴata, wa ya ɓata miki rai a gidan, kika huce a kan kifi?”

“Tsafta na yi, Anti.”

“Wannan dattin da kika gani a soso, shi ne ransu. Akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar da kifi ke fitarwa. Makonni ake yi kafin su zauna, akwatinki kuma sabo ne, ko ƙarfi ba su yi ba. Kin dafa su. Ruwan famfo akwai maganin da ake zuba masa don mu sha lafiya, su kuma ƙona musu wurin numfashi yake. Ba a ba ki wata ƴar kwalba ba?”

“Tana saman firji.”

“Tana saman firji,” ta maimaita wa wani kifi baƙi da ke kusa da ita. “Sannan ki ɗauko su daga ruwa mai ɗumi ki jefa a mai sanyi. Ke a tashe ki daga barci a watsa miki ruwan ƙanƙara, a canja miki ɗaki, a fesa sabulu a iskar da kike shaƙa, sannan a miƙo miki abinci. Za ki ci?”

Na buɗe jaka na warware takardar na nuna mata gawar. Na rage murya. “Anti, kina da irinsa? Mai ɗigo a jela, daidai wannan?”

“Ina da guda ashirin.”

“To a ba ni ɗaya.”

“Ba zan ba ki ba. In kin sa shi a ruwan nan, gobe ki dawo da shi a jaka. Kuma wa za ki ruɗa? Mai kifi ya san kifinsa kamar yadda kika san takalminki a ƙofar gidan biki.” Ta ɗan tsaya. “Akwai babba a ciki, mai doguwar jela?”

Na gyaɗa kai.

“Na san shi ai. Mai gyaran lifta. Tun mahaifinsa na da rai nan suke sayen abinci.” Ta cire tabarau ta goge da bakin riga. “Kaftin kika yi wa haka?”

Nan na fashe da kuka, a tsakiyar shago, da mataccen kifi a hannu.

Ba ta rarrashe ni ba. Ta tashi ta buɗe na'urar wani akwatinta, ta ciro soso mai launin ƙasa yana ɗiga, irin wanda jiya na yi wa tsaki, ta sa a leda da ruwansa. Ta haɗa min da ƙullin gawayin tace ruwa don ya tsotse sabulun. Ta sa na maimaita bayanta kamar ƴar aji ɗaya: in jefar da soson da na wanke, in sa nata. In kwashe abincin da ya ruɓe. In ɗebe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da siririn tiyo, a hankali, kifayen suna ciki, kada in sake taɓa su. Sabon ruwa in ɗiga masa maganin kwalba a bokitin da bai taɓa ganin sabulu ba, in sa hannu in ji ɗuminsa ya yi daidai da na ciki, in zuba kaɗan-kaɗan ta jikin gilashi. Gobe in sake. In kashe fitila, in rufe akwatin da zane, babu abinci kwana biyu, babu ƙwanƙwasa gilashi.

“Zai rayu?”

“Tsoho ne, amma yana da taurin rai. Ki bar shi ya huta da ke.”

Ƙarfe uku da rabi na gama. Na lulluɓe akwatin da babban tawul mai ruwan ƙasa. Na yi wanka a gurguje, na sa rigar da Mama ta zaɓa, shuɗiya mai aikin zare a wuya, na shafa hoda a kan idanun da suka kumbura. Mama ta shigo falo da tiren kofuna ta tsaya cak.

“Me tawul yake yi a nan?”

“Suna hutawa ne, Mama.”

“Suna hutawa. Noma suka yi? Abin da ya fi komai kyau a falon shi za ki rufe? Cire.”

“Mama, don Allah.”

Aka yi sallama.

Yayarsa doguwa ce, mai ƙiba kaɗan, da jaka babba da agogon maza a hannu. Malamar asibiti ce. Idonta irin nasa ne, mai kallon abu ya daɗe. Aka gaisa, aka tambayi ƙafar Mama, na zuba shayi, na ajiye biskit. Ta yaba labule. Mama ta yaba ni, ta ce tun ina shekara shida nake ninke kayana da kaina. Sai idon baƙuwa ya sauka a kan tawul.

“Kaftin ne a can? Ya ce min a nan ya bar shi. Ni ko kallonsa da yawa ba a bari in yi.”

“Ai ki gani da idonki,” in ji Mama, ta miƙe da saurin da ban san ƙafarta na da shi ba, ta fizge tawul ɗin. “Jiya Auta ta wanke shi tas. Da sabulu, har tsakuwar. Yarinyar nan ba ta iya ganin datti ta wuce.”

Ruwa fari-fari. Ƙanana uku a sama. Kaftin a kusurwa kamar tsumman da aka yar.

Yaya ta ajiye kofinta a hankali. Ta tashi ta je ta durƙusa gaban gilashin.

“Ya ce min kin daɗe kina kiwon kifi.”

Mama ta juyo ta kalle ni. “Wane kifi?”

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige.

“Ƙarya na yi masa, Yaya. Ban taɓa kiwon komai ba. So nake ya yi min magana, shi ne na faɗa, daga baya na kasa janyewa. Jiya na kusa kashe su duka. Ɗaya ya mutu, yana cikin jakata.”

“A jakarki?” in ji Mama. “Wadda na saya miki?”

Kafaɗun Yaya suka fara rawa. Na ɗauka kuka take. Sai da ta juyo na ga ta toshe baki da hannu, hawaye na zuba, dariya ta hana ta numfashi. Ta zauna daɓas a kan kafet ɗin da Mama ta wanke.

“Su biyu ne da,” ta ce da ta samu numfashi. “Kaftin da matarsa. Bayan rasuwar Baba na je gyara wa ƙanina ɗaki, na ga akwatin ya yi kore. Ni malamar asibiti, ai kin san mu da kashe ƙwayoyin cuta. Har maganin goge ƙasa na sa.” Ta share ido. “Matar ba ta kwana ba.”

“Me ya ce?” na tambaya.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. “Ba ya faɗa, kin sani. Bai ce komai ba. Wata biyu yana gaishe ni kamar maƙwabciya. Kuma ni ban yi masa ƙarya ba, ƙanwata.” Ta mayar da tawul ɗin da kanta, ta gyara gefensa. “Ba zan faɗa masa ba. Ke za ki faɗa, kuma yau.”

Bayan ta tafi Mama ba ta yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Tana kwashe kofuna ta ce, “Manemi ɗaya mai hankali ya zo gidan nan cikin shekara uku.” Ta shige kicin.

Na zauna a bakin gado na danna wurin ɗaukar murya. Na farko na fara da “ka san dai ruwan garin nan”, na goge. Na biyu na ɗora wa Mama, na goge. Na shida ne ya tafi, minti biyu da daƙiƙa goma: ban taɓa kiwon kifi ba, hoton jiya na Talata ne, na wanke komai da sabulu, mai ɗigo ya mutu, Kaftin yana ƙasa ba ya motsi, ga abin da Anti mai shago ta ce in yi kuma ina yi. Ban ce ya yafe min ba, kunya ba ta bar ni ba.

Alamar ta nuna ya saurara. Sama ta nuna yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. Daga nan shiru.

Lahadi da safe na sake canja kashi ɗaya cikin uku, ina auna ɗumin ruwa da gwiwar hannu kamar mai yi wa jariri wanka. Ruwan ya fara washewa. Ƙananan sun sauko daga sama. Wajen azahar na ɗaga gefen tawul na leƙa, sai na ga Kaftin ya tashi daga kusurwa. Ya buɗe fiffike ɗaya, ya buɗe ɗayan, ya ja jelarsa ya ratsa akwatin a hankali kamar tsohon da aka sallamo daga asibiti. Na ɗauki bidiyo na tura. An gani. Babu amsa.

Litinin da yamma na dawo daga aiki, na tsuguna gaban akwatin da tiyo a hannu, ruwa yana zuba a bokiti, sai na ji Mama tana cewa “A'a! Injiniya! Ba sai Alhamis ba?” da wata murya mai zaƙi da ban taɓa samu daga gare ta ba.

Ya shigo da jakar tafiya a kafaɗa, riga mai ruwan toka duk ta yamutse. Ya gaishe da Mama cikin ladabi. Ni bai kalle ni ba. Ya zo ya durƙusa gefena, ya zuba wa Kaftin ido. Na ƙirga kumfa, na ƙirga bugun zuciyata. Mama ta ce bari ta kawo shayi, ta fita, na kuma san bayan ƙofa ta tsaya.

Ya sa yatsa a ruwan akwatin. Ya sa a bokitin sabon ruwa da na tanada a gefe.

“Daidai ne,” ya ce.

“Na yi maka ƙarya.”

“Na ji. Sau huɗu na saurara.” Har yanzu gilashin yake kallo. “Ran Asabar na yi fushi. Jiya na zauna na tuna sau nawa na ga kin rasa amsa in na yi maganar kifi, ni kuma na ƙi lura, don ina jin daɗin samun mai saurarona.” Ya ja numfashi. “Kuma ba ni da bakin yin fushi sosai. Ni ma akwai abin da ban faɗa miki ba.”

Na juyo na kalle shi.

“Ba aikin kwana goma ba ne kawai. Gwada ni suke yi. Sun ba ni aikin kula da benayen can gaba ɗaya, shekara biyu, in fara wata mai zuwa. Tafiyar awa tara ce a mota. Na kawo Kaftin nan ne don na san ba zai jure hanyar ba, ina so ya saba da wani gida kafin in tafi.”

“To ai ga shi na...”

“Shi na san ba zai iya zuwa ba.” Sai a lokacin ya juyo ya kalle ni, kunnuwansa sun yi ja. “Ke fa?”

A bayan ƙofa tire ya faɗi, kofuna suka tarwatse. Ni kuwa ina tsugune, baki buɗe, ban ankara ba bokitin ya cika ya tumbatsa, ruwan kifi yana bin kafet ɗin Mama yana jiƙa masa gwiwar wando. Bai matsa ba. Jira yake.